Darasi na Tara: Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina

An haifi Shehu Musa 'Yar'aduwa a birnin Katsina ranar 5 ga Maris, 1943, ya kuma rasu yana ɗaure ranar 8 ga Disamba, 1997, yana da shekara 54. Soja ne da ya kai muƙamin Manjo Janar, ya zama mutum na biyu a gwamnatin Najeriya daga 1976 zuwa 1979. Da ya tuɓe kaki sai ya kama noma da kasuwanci, daga nan ya faɗa siyasa. Bai taɓa hawa kujerar shugaban ƙasa ba, ko da yake ya nema, ya kuma kusa. Abin da ya sa ake karanta tarihinsa shi ne yadda abubuwa uku suka haɗu a hannunsa: gidan sarauta, aikin soja, da dukiya. Kowanne ya buɗe masa ƙofar na gaba, kuma da su ya gina wata tafiyar siyasa wadda ta fi shi tsawon rai.

Gidan Mutawalli

Katsina ba baƙon suna ba ne a Parakou da Djougou, garuruwan ƙasar Benin. Tun zamanin fatauci ayarin Katsinawa da Kanawa ke ratsa ƙasar Borgu, su yada zango a waɗannan garuruwa a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. A cikin birnin na Katsina akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira 'Yar'aduwa, kuma daga gare ta gidan su Shehu ya samo sunan da duniya ta san shi da shi.

Gidan na masu ilimi ne da sarauta. Kakan Shehu, Malam Umaru, shi ne Mutawallin Katsina, wato mai kula da baitulmalin masarauta. Mahaifinsa, Musa 'Yar'aduwa, malamin makaranta ne da ya shiga jam'iyyar NPC ta Sardauna, ya zama ministan harkokin Legas a gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa har zuwa 1966. Shi ma ya riƙe sarautar Tafida, daga baya ya zama Mutawalli. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya buƙatar a koya masa yadda ake karɓar baƙi a zaure, ko yadda ake sauraron mai koke, ko wa ake fara gaisarwa in an shiga taro. Waɗannan abubuwa, da ba a rubuta su a littafin makaranta, su ne suka yi masa amfani ƙwarai bayan shekara arba'in.

Ya yi sakandare a makarantar lardi ta Katsina, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati, aji ɗaya da Muhammadu Buhari. A lokacin shugabannin Arewa sun lura cewa hafsoshin soja 'yan Arewa ba su da yawa, suka dinga zuga samari masu takardar sakandare su shiga. Katsina ta riga ta ba da misali, domin Hassan, ɗan Sarki Usman Nagogo, ya shiga tun da wuri. A 1962 Shehu ya shiga makarantar horar da sojoji ta Kaduna, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya dawo hafsa a 1964, aka kai shi bataliya ta ɗaya a Enugu.

Yaƙi da juyin mulki

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya kuma raba mahaifin Shehu da kujerarsa. Rikici ya bi rikici har yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967. Shehu ya yi yaƙin a runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed, kuma sunansa ya fito ne a gwagwarmayar Onitsha. Sojojin Biyafara sun karya gadar kogin Kwara lokacin da suke ja da baya. Murtala ya nace sai an ƙetare kogin da jiragen ruwa daga Asaba a watan Oktoban 1967, aka yi ta gwadawa ana asarar rayuka da makamai. Daga ƙarshe aka haƙura, aka zagaya ta arewa aka biyo ta ƙasa, garin ya faɗi a Maris 1968. Shehu, yana ɗan shekara ashirin da biyar, na cikin kwamandojin da suka shiga. Rundunar ta biyu tana da tabo a tarihi, domin sojojinta ne suka kashe fararen hula masu yawa a Asaba a farkon wannan fafatawa, abin da mutanen garin ke tunawa har yau. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Shugaban mulkin soja, Janar Yakubu Gowon, ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, sannan a Oktoban 1974 ya ce hakan ba za ta yiwu ba. Wasu hafsoshi masu matsakaicin muƙami, ciki har da Laftanar Kanar Shehu 'Yar'aduwa da Kanar Joe Garba, suka shirya kifar da shi. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon na taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala, aka sanar a rediyo cewa mulkinsa ya ƙare. Ba a zubar da jini ba. Wani abin lura shi ne waɗanda suka yi aikin ba su ɗare kujerar da kansu ba. Sun kira manyansu, Murtala da Olusegun Obasanjo da Theophilus Danjuma, suka damƙa musu.

Aka ba Shehu ma'aikatar sufuri, a lokacin da babu ma'aikatar da ta fi ta ciwon kai. Kuɗin man fetur ya shigo, ma'aikatun gwamnatin Gowon suka yi odar siminti kimanin tan miliyan ashirin, alhali tashar Apapa ba ta iya sauke ko kusa da haka. Jirage sama da ɗari huɗu suka yi cirko-cirko a bakin tekun Legas, wasu wata da watanni. Kowace rana jirgi ya kwana yana jira, gwamnati na biyan mai shi kuɗin jinkiri. Simintin kuwa ba ya jira: danshin teku ya shige shi, ya daskare a cikin wasu jiragen ya zama dutse. Abinci da magani da kayan masana'antu duk suka maƙale a bayan layi, har wasu 'yan kasuwa suka karkata kayansu zuwa tashoshin maƙwabta irin ta Kwatano. Sabuwar gwamnati ta dakatar da jigilar, ta soke wasu kwangiloli, ta ƙara wuraren sauke kaya, sannu a hankali aka warware cunkoson. A 1977 aka buɗe sabuwar tashar Tin Can.

Mutum na biyu

Ranar 13 ga Fabrairu, 1976, 'yan tawaye ƙarƙashin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka harbe Murtala a cikin motarsa a Legas. Juyin bai yi nasara ba. Obasanjo ya hau, Danjuma ya ci gaba da riƙe rundunar sojan ƙasa. To, dukansu Kiristoci ne, wanda aka kashe kuma Musulmi ne Bakano, Arewa na cikin zafin rai. Aka ga dole a sami Musulmi ɗan Arewa a kujera ta biyu. Aka ɗauko Shehu daga Laftanar Kanar aka tsallakar da shi zuwa Birgediya, aka naɗa shi shugaban ma'aikata na hedikwatar ƙoli, ya sha gaban hafsoshi da dama da suka girme shi a aiki. Bai cika shekara 33 ba.

Ayyuka uku na wannan gwamnati sun shafi talaka kai tsaye. Na farko shirin ciyar da ƙasa na 1976, wanda ya raba taki cikin rahusa, ya kuma kira kowa, har ɗalibai da ma'aikatan ofis, su koma gona. An yi ta tallarsa a rediyo, amma shigo da shinkafa da alkama daga waje bai ragu ba. Na biyu gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ofishin Shehu ya jagoranta. Aka raba ƙasar zuwa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya, aka rufe babin En'e, sarakuna suka koma majalisar ba da shawara. Wato jikan mai riƙe baitulmalin Sarkin Katsina na cikin waɗanda suka raba fada da baitulmali.

Na uku shi ne dokar amfani da ƙasa ta Maris 1978, kuma ita ta fi dacewa a tsaya a kanta. Dokar ta ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Mutum ba ya mallakar ƙasa ɗungurungum, sai dai a ba shi haƙƙin zama da amfani. Filin birni gwamna ke bayarwa da takardar shaida. Na karkara ƙaramar hukuma ke bayarwa, har hekta 500 domin noma, ko hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. A Arewa wannan ba sabon abu ba ne sosai, domin dokar Turawa ta 1910 da ta gwamnatin Arewa ta 1962 sun riga sun sa ƙasa a hannun hukuma. An ce manufar ita ce a hana 'yan kashe-mu-raba ɓoye filaye, a kuma sauƙaƙa wa gwamnati da mai son noma samun wuri. Sai dai a aikace, wanda ya san hanyar ofishin gwamna shi ya fi cin moriyarta. Manomin ƙauye yana da gonar gado, kowa ya san iyakarta, daga wannan kuka zuwa waccan tsamiya, amma ba shi da takarda. Mai takarda kuwa yana iya kai ta banki ya karɓi rance. An saka dokar cikin tsarin mulkin 1979, abin da ya sa gyara ta ke da wuya har yau. Manoman Borgu da Donga sun san irin wannan tazara tsakanin gonar gado da gonar takarda, wadda dokar filaye ta Benin ta 2013 ta zo tana neman cikewa.

Gwamnatin ta cika alkawarin da Murtala ya ɗauka. Aka rubuta sabon tsarin mulki, aka yi zaɓe, ranar 1 ga Oktoba, 1979 aka miƙa wa Alhaji Shehu Shagari. Obasanjo da Danjuma da 'Yar'aduwa duk suka yi ritaya. A Afirkan wancan lokaci, soja ya sauka da ƙafarsa abu ne da ba a saba gani ba.

Gona da kasuwa

Janar mai ritaya yana ɗan shekara 36 ba zai zauna a ƙofar gida yana jan carbi ba. Obasanjo ya tafi Ota ya buɗe gonar kaji. Shehu ya zauna a Kaduna, ya kafa kamfanin Hamada, ya buɗe gonar da ake kira Sambo Farms. Noman irin wannan gona daban yake da na gandun gida. Tarakta ke huɗa, ana sayen iri da taki buhu ɗari-ɗari, akwai manaja da akawu da direbobi, ga 'yan ƙwadago daga ƙauyukan kewaye. Tsofaffin hafsoshi da manyan ma'aikata da yawa sun shiga irinsa a shekarun 1980. Da farashin mai ya faɗi, aka kuma karya darajar naira a 1986, kayan gyaran injin da ake shigowa da su suka yi tsada, gonaki da yawa na wannan zubi suka durƙushe. Waɗanda suka tsaya su ne masu wata hanyar samun kuɗi a gefe.

Shehu na da hanyoyi da yawa. Ya shugabanci bankin Habib na Najeriya. Ya haɗa hannu da Moshood Abiola a kamfanin jiragen ruwa na Africa Ocean Lines. Yana da hannu a kamfanin Nicotes mai hidimar tashoshin ruwa, wanda daga baya ya zama Intels, tare da wani jami'in kwastan mai suna Atiku Abubakar. Ya kafa jaridar The Reporter a Kaduna. In aka duba, sufurin ruwa da ya sani tun yana kwamishinan sufuri shi ne ƙashin bayan dukiyarsa, gona kuwa ta ba shi gindin zama a gida. A wannan tsakani Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Tafida, rawanin da mahaifinsa ya taɓa ɗaurawa. Daga nan magoya bayansa suka bar cewa Janar, sai Tafida.

Siyasa

Bayan sojoji sun sake karɓar mulki, da shugabansu Janar Ibrahim Babangida ya fara shirin mayar da mulki ga farar hula, ya haramta wa tsofaffin masu riƙe da muƙamai shiga siyasa. Haramcin ya haɗa da Tafida, amma bai hana shi aiki ta bayan fage ba. Ya tara mutane a wata ƙungiya mai suna People's Front. Siyasar Najeriya tun 1950 ta yanki ce: kowane jigo da ƙabilarsa da lardinsa. Tafida ya bi wata hanya. Ya nemi mutum a kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma, ya san sunansa, ya san buƙatarsa, ya je masa biki da ta'aziyya. A cikin tafiyar akwai Babagana Kingibe daga Borno, Atiku daga Adamawa, Tony Anenih daga Edo, Chuba Okadigbo daga Anambra, Lamidi Adedibu daga Ibadan, Bola Tinubu daga Legas, da Rabi'u Musa Kwankwaso daga Kano.

A Oktoban 1989 Babangida ya ƙi yi wa kowace ƙungiya rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu na gwamnati, SDP da NRC. Mutanen Tafida suka shiga SDP, suka kama ragamarta, Kingibe ya zama shugabanta a 1990. A ƙarshen 1991 aka kama Tafida da wasu jiga-jigai, irin su Abubakar Rimi da Lateef Jakande, bisa laifin karya haramcin, sannan aka sake su, aka ɗage haramcin ma gaba ɗaya. A zaɓen gwamnoni na wannan Disamba ƙanensa Umaru ya tsaya a Katsina, ya sha kaye a hannun Sa'idu Barda na NRC.

A 1992 aka yi zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa. Zaɓen 'yar tinƙe ne: a kafa hoton ɗan takara, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna da rana tsaka, kowa na ganin kowa. Mai gidan haya na ganin layin da ɗan hayarsa ya bi, wanda ya raba kuɗi da dare na ganin wanda ya ci ya kauce. Tafida ya yi wa abokan takararsa fintinkau, har ya ci jihohin Yarbawa da ake ganin na Olu Falae da Jakande ne. Waɗanda suka faɗi suka yi kukan an yi maguɗi, an kuma zubar da kuɗi, kuma ba a ce kukan nasu duk ƙarya ba ne. Siyasar wakilai da kuɗi da ake kuka da ita a yau ta yi ƙarfi a wannan zamani, Tafida kuma na cikin gwanayenta. Babangida ya fake da koke-koken ya soke zaɓen, ya hana duk 'yan takara 23 na jam'iyyun biyu sake tsayawa.

Tafida ya tsayar da Atiku a madadinsa. A babban taron SDP na Jos a Maris 1993, Atiku ya janye wa Abiola, bisa fatar za a ɗauke shi mataimaki, amma Abiola ya ɗauki Kingibe. Aka yi zaɓen 12 ga Yuni, Abiola na kan gaba, sojoji suka soke shi. A nan Tafida ya yi abin da har yau ake muhawara a kai. Maimakon ya tsaya kai da fata sai an ba Abiola kujerarsa, ɓangarensa ya amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan, da lissafin cewa Babangida zai tafi, a sake zaɓe, shi kuma ya samu damar tsayawa. Babangida ya tafi a Agusta. Zaɓe kuwa bai zo ba. Ranar 17 ga Nuwamba, 1993 Janar Sani Abacha ya ture Shonekan, ya rusa jam'iyyu da majalisu.

Taron tsarin mulki da kurkuku

Mutanen ƙasar Benin sun san abin da taron ƙasa ke iya yi. Wanda aka yi a Kwatano daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu, 1990, ƙarƙashin Monsinyo Isidore de Souza, ya ayyana cewa ikonsa na sama da na gwamnati, shugaban ƙasa Janar Mathieu Kérékou kuma ya karɓa. Ya faɗi zaɓe a hannun Nicéphore Soglo a 1991, ya sauka, ya dawo ta akwatin zaɓe a 1996. 'Yan adawa a Najeriya sun nemi irin wannan taro mai cikakken iko. Abacha ya kira nasa a Yunin 1994, amma ya riƙe wuƙa da nama: ya naɗa wani kaso na wakilan, kuma duk abin da aka yanke sai majalisar soja ta sa hannu.

Tafida ya shiga a matsayin zaɓaɓɓen wakili daga Katsina, tare da mutanensa da a lokacin ke amsa sunan ƙungiyar PDM. A Disamban 1994 suka ja taron ya zartar da cewa sojoji su bar mulki ranar 1 ga Janairu, 1996. Gwamnati ba ta yafe wannan ba. A Maris 1995 aka kama shi, aka kama Obasanjo, aka ce suna da hannu a wani yunƙurin juyin mulki. Kotun soja ƙarƙashin Patrick Aziza ta zauna a asirce, ta yanke wa Tafida hukuncin kisa. Taron kuwa, da jagoran ƙudurin ya shiga hannu, ya janye wa'adin da ya sa. Ƙasashen duniya suka yi ca, ranar 1 ga Oktoba, 1995 aka sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 25, na Obasanjo zuwa 15.

An yi ta sauya masa gidan yari har aka kai shi Abakaliki, nesa da iyali da likitansa. Yana fursunan wannan gida ya rasu. Hukuma ta ce rashin lafiya ce. Magoya bayansa da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka yi zargin an yi masa wata allura da ƙarfin tsiya, zargin da ya sake tasowa bayan dawowar mulkin farar hula. An kai gawarsa Katsina, dubban mutane suka yi masa salla.

Wata shida bayan haka, ranar 8 ga Yuni, 1998, Abacha ya rasu, Abiola ya bi shi ranar 7 ga Yuli yana tsare. Da aka kafa jam'iyyar PDP a wannan shekara, PDM na cikin ginshiƙanta, kuma ita ta tsaya wa Obasanjo, wanda ya fito daga kurkuku ba shi da wata ƙungiya tasa. Ranar 29 ga Mayu, 1999 aka rantsar da Obasanjo, Atiku na mataimaki. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zama gwamnan Katsina a wannan rana, ya yi shekara takwas, ya zama shugaban ƙasa a 2007, ya rasu a kan mulki ranar 5 ga Mayu, 2010. Kwankwaso ya yi gwamnan Kano, Tinubu ya yi gwamnan Legas, ya kuma zama shugaban ƙasa a 2023, a zaɓen da ya kara da Atiku da Kwankwaso. A Abuja an gina cibiya mai ɗakin taro da ɗakin karatu da sunan Shehu Musa 'Yar'aduwa, rawanin Tafidan Katsina kuma ya koma kan ɗansa Murtala.